Ranar Da Mahaifinka Ya Tashi Ba A Kira Shi Ba

Daga Gwarzo,
zuwa ga ɗana Yusufu, Babana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da gajiyar hanya. Da fatan ka sami kawunka da iyalinsa a Kano cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare min kai a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ya sa yadda ka fita da ƙafarka ka dawo mana da ƙafarka. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a aljihunka. Na auna wayar na ga ba za ta yi min ba. Kai in ana maka magana a waya, "to Hajiya, to Hajiya" kake ta yi kana duba wani abin daban, wannan maganar kuwa ta fi ƙarfin "to". Shi ya sa na ba direban sito ya kawo maka kafin jirginku ya tashi. Ka sami wuri ka zauna, ka kife wayar, ka karanta har ƙarshe.

Tun ranar da ka tafi hankalina bai kwanta ba, kuma kai ka jawo. Ka tuna bayan azahar kuna cin dambu da mahaifinka a falonsa, na shigo da ruwa. Ya tambaye ka, "Yusufu, in ka je suka ƙi sakin direbobin fa?" Ka yi dariya da abinci a bakinka ka ce, "Ai mai sauƙi ne, Baba. Sai in naɗe takarduna in miƙe in nufi ƙofa. Kafin in kai mota sun biyo ni. Wa bai san tafiyarka ba a kasuwar Getso?"

Mahaifinka ya ajiye cokali, ya wanke hannu, ya zura takalmi ya tafi masallaci, alhali la'asar da sauranta. Kai ka ɗauka ƙoshi ya yi, har ka jawo kwanon gabanka ka ƙarasa.

Babana, ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ta zaɓe ka ka je ka zauna a waccan ƙasa ka zama bakinta, kuma na yi murna, Allah ya sani. Amma aikin farko da ke jiranka mutane ne, direbobin nan da aka tsare da motocinsu tun kafin girbi. A cikinsu akwai Lawan na Mainika. Matarsa ta zo nan gidan da goyo a bayanta, ta durƙusa a tsakar gida ta ƙi hawa tabarma, ta ce an gaya mata ɗana ne zai je. Kai kuma ga shirin da za ka tafi da shi. Dole in gaya maka abin da mahaifinka ba zai iya gaya maka ba.

Kai ka tashi ka san shi Alhaji Jakada, mai hoto da babbar riga a bangon falo. Ni na san shi da keke ɗaya da buhu biyu. Lokacin da aka kai ni gidansu a Kabo ina koyarwa a firamare, shi kuma yana zagaya ƙauyuka, yau Gude, gobe Mainika, jibi Jama'a, yana sayen gyaɗa da dawa mudu-mudu. Sakandare ma da ƙyar ya gama ta, Turancinsa na lissafin kaya ne. Amma Allah ya hore masa haƙori da ƙafa. Zai cusa hannu can ƙasan buhu ya ɗebo, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya gaya maka ta bana ce ko an gauraya da ta bara.

Ƙafar kuwa ita ta yi masa arziki, nan ba ka yi ƙarya ba. Zai taya kaya, a ce albarka. Ya ƙara kaɗan, a sake cewa albarka. Sai ya kakkaɓe hannu ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya juya. Ba ya sauri. Ya gyara zaman hula, ya tsaya ya gaisa da mai goro, ya duba takalminsa kamar ƙaya ta shiga. Kafin ya wuce rumfuna kaɗan sai ka ji an ɗaga murya, "Alhaji, dawo, an sallama." Har yaran kasuwa kwaikwayon tafiyar suke yi, shi kuma yana jin daɗi.

Daga keke ya koma babur, daga babur a-kori-kura, daga nan tireloli. Da aka fara fitar da riɗi da zoɓo ƙasashen waje yana cikin na farko. Ya yi sito a nan Gwarzo, ya yi a Kano. Da siyasa ta zo, motocinsa suka yi ta jigilar jama'a, shinkafarsa ta ciyar da taro. Aka ci zaɓe, rana ɗaya muna zaune muka ji sunansa a rediyo cikin waɗanda za a tura jakadanci.

Ni na fara rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka shigo a guje. Shi kuwa bai taya ni murna ba. Da jama'a suka watse ya ce min, "Malama, anya kuwa? Ni da ko cokali mai yatsu ban iya riƙewa ba." Na ce masa, "Haba Alhaji, wanda ya iya da dillalan kasuwar Dawanau, wane ne zai gagare shi? Ai duk ciniki ne." Wallahi haka na faɗa, ni mai takardar koyarwa, don ina hango kaina ana ce min matar jakada. Shakkar nan tasa ita ce mafi hankali a gidan ranar, ni na kashe masa ita. Don haka in zuciyarka ta ce maka "anya", ka saurare ta, ko da uwarka ce take maka guɗa a kunne.

An kira su Abuja an yi musu bita a kan yadda aikin yake. Rabin lokacin yana waje yana waya a kan farashin riɗi. Muka tafi, kai kana makarantar kwana, sai hutu kake zuwa ka ga motoci da tuta ka koma.

A ofishin mun sami mataimakinsa, Malam Garba, mutumin da ya yi shekaru a aikin, ya zauna ƙasashe da dama, yana jin yaren mutanen. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya katse babba. Mahaifinka ya ɗauke shi kamar babban yaron sito, wanda ake ce wa "a kawo kaza" ba wanda ake tambaya "me ka gani" ba.

Ba zan rage masa ba, ya yi abin kirki a can. Ya buɗe ƙofar gidan jakada yadda yake buɗe zaurensa a nan. Duk wanda ya zo da Hausa a bakinsa, ko Yarabanci ko Ibo, zai ci ya sha, wani ma ya kwana. Butoci suka yi layi a bakin ƙofa, masu gadi suka rasa yadda za su yi da mu. 'Yan ƙasarmu da ke can sun ce ba su taɓa ganin jakadan da ya san sunayensu ba sai shi. Ya samo wa zoɓo da citta kasuwa, ministan cinikinsu ya zama abokinsa. Wannan nasarar ce ta ƙara tabbatar masa cewa maganata gaskiya ce, duk ciniki ne.

Alamar farko ta zo mana da dariya. An gama wata yarjejeniya, an sa hannu, an yi musabaha. Ka san mutumin kasuwa ba ya rufe ciniki bai yi gyara ba, in ka sayi tiya sai ya ƙara maka cikin tafi. Sai mahaifinka ya dubi ministan ya ce, tunda an rabu lafiya, ga gyara, ƙasarsa za ta ɗauki ɗalibansu su yi karatu kyauta a jami'o'inmu. Tafinta ya fassara, aka rubuta, aka yi tafi. Malam Garba ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Babu wanda ya ba shi wannan izinin daga gida. Sai da aka yi ta rubuce-rubuce da ban-baki kafin a janye maganar ba tare da an ji kunya ba. Da ya ba ni labari na yi dariya har da hawaye. Ya kamata a ce ranar na tuna masa cewa tafin da yake gyara da shi a kasuwa daga buhunsa yake ɗiba, wannan buhun kuwa ba nasa ba ne. Kai ma ka riƙe. Abin da za ka ɗauka ka tafi da shi na ƙungiya ne, kada bakinka ya yi kyauta da abin da ba ka tambayi masu shi ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

A shekararmu ta biyu na zo gida hutu, sai labari ya iso cewa hukumar can ta yi samame ta kwashe baƙi marasa takardun zama, cikinsu har da samarinmu da yawa, an tara su a wani sansani bayan gari. Ana cikin haka wata tsohuwa ta zo min daga Gude, Goggo Hansai. Mutanensu asalinsu masu shanu ne, sun zauna suna noma. Ta zo da ƙwaryar man shanu a lulluɓe da faifai, ta ajiye a gabana. Na san ɗanta Sama'ila, ya yi shekaru yana lodi a motocin mahaifinka kafin ya tafi neman na kansa.

Ta ce, "Hajiya, Sama'ila yana ciki. Shi kaɗai ne namiji a ɗakina. Kuma yana da ciwon suga, allura yake yi wa kansa kullum. Ban san ko sun bar shi ya ɗauki allurar ba."

Na ce, "Goggo, ki koma gida ki kwantar da hankalinki. Alhaji bai taɓa zama a kan magana ya tashi hannu rabbana ba."

Ta yi ta sa albarka har ta fita zaure. Na karɓi man shanun ma, na tafi da shi can muka ci.

Da na koma na tarar mahaifinka ya riga ya tsaya a kan lamarin tsayin daka. Ya je sansanin da kansa, abin da aka ce jakadu ba su cika yi ba. Ya ga Sama'ila ya rame, leɓɓansa sun bushe. Ya sa ana kai masa allura da abinci daga gidanmu. Ya tsaya a tsakiyar samarin nan ya ce musu ba zai bar ko mutum ɗaya ba, tare za su tafi gida. Niyyarsa mai kyau ce, Babana, ka riƙe wannan, don kada ka ɗauka sai mugu ne yake ɓarna.

Aka sa ranar zama da ministan da ke kula da lamarin. Abin da ya faru a ɗakin daga bakin mahaifinka na ji, daga baya Malam Garba ya cike min sauran. Ministan ya karɓe su da mutunci. Ya ce ga abin da ya zo da shi: marasa lafiya da waɗanda aka riga aka tabbatar 'yan ƙasarmu ne za a sake su a cikin makon, sauran kuma sai ofishinmu ya gama tantance su. Kusan rabi ke nan, kuma Sama'ila yana cikin marasa lafiya, mahaifinka ya sani sarai.

Malam Garba ya sunkuyo ya ce masa a hankali, "Ranka ya daɗe, mu karɓa."

Amma a ina ka taɓa ganin ɗan kasuwa ya karɓi tayin farko? A kunnensa wannan buɗe ciniki ne kawai. Wanda ya ba da rabi da bakinsa tun ba a matsa ba, ai yana da duka a aljihu. Ya ce a gaya wa minista ko duka ko babu. Ministan ya ce abin da ke hannunsa yau ke nan. A daidai lokacin aka shigo da shayi aka zuba wa kowa. Mahaifinka ya kakkaɓe hannu, ya tattara babbar rigarsa, ya miƙe. A lissafinsa jinkirin wuni ɗaya ne, Sama'ila ya kwana ɗaya ya fito tare da kowa.

Ya fita yana tafiyar nan tasa. Doguwar baranda ce, ya bi ta a hankali. Ya tsaya ya gyara hula. A bakin matakala ya tsaya ya gaisa da wani ma'aikaci da bai san shi ba. Da ya isa mota an buɗe masa ƙofa, ya tsaya yana latsa waya kamar yana neman lamba. Masu gadi suka ƙame suka sara masa. Babu wanda ya biyo shi.

Ya shigo gida da fara'arsa ya ce, "Malama, ki sa kunne a waya. Kafin la'asar za su kira." Na ce masa ya yi daidai, haka ake yi wa mai taurin kai. Na dafa masa abin da yake so. La'asar ta yi, magariba ta yi, washegari ta zo ta wuce, wayar nan ba ta yi ƙara ba.

Malam Garba ne ya zo gida ya same shi, ina jin su daga ɗakin cin abinci.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a wurinsu ba kai ka tashi ba, Najeriya ce ta tashi. Ka bar shayinsa a zube a gaban yaransa. An rubuta, an kai wa na sama da shi. Yanzu ko yana so ya kira ka, ba shi da ikon yi."

Mahaifinka ya ce, "To mu koma mana. In ce masa na karɓi rabin."

Ya ce, "Ba a komawa haka, ranka ya daɗe. Sai mun rubuta mun nemi a ba mu rana."

Suka rubuta. Aka amsa cewa minista yana da ayyuka da yawa. Suka sake rubutawa, aka ce ya yi tafiya. Ni ina tsaye ina kallon mutumin da duk Gwarzo ba a taɓa barinsa ya kai bakin titi ba, yana zaune a gaban waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Abin da ya fi tsorata ni, sai aka hana mutanenmu shiga sansanin. Direbanmu ya kai allura da abinci, aka dawo da shi da su daga bakin ƙofa. Ya sake kaiwa, aka sake dawo da shi. Mahaifinka ya bi ta wurin abokinsa ministan ciniki, ya bi ta wurin limamai, ya bi ta wurin wasu jakadun. Kowa ya ce a yi haƙuri, abin ya hau sama, sai ya sauko da kansa. Makonni suka zama watanni.

Wata safiya Malam Garba ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya ce an aiko daga sansani, Sama'ila ya faɗi, an kai shi asibiti, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinka ya dubi Malam Garba, ya dubi hannuwansa, ya sake duban Malam Garba, kamar an yi masa magana da yaren da ba ya ji.

An bar shi ya je jana'iza, a can aka binne yaron. Bayan wani lokaci aka saki sauran, kashi biyu, daidai yadda aka faɗa tun ranar farko, ko mutum ɗaya tashinsa bai ƙara ba. A wata liyafa kafin mu taho, ministan da suka zauna kan maganar samarin ya ja shi gefe da tafinta ya ce masa, ranar nan ya shigo da izinin ƙara wasu a kan rabin in an matsa masa. Ya ce da mahaifinka ya nemi a dakata ya yi salla ya dawo, da sun ci gaba. A mota ya maimaita min wannan maganar. Ashe abin da yake nema yana nan a kan teburin, zama kawai ya rage.

Ku an gaya muku wa'adinsa ne ya cika. Bai cika ba. Kiransa aka yi gida a hankali, ba hayaniya, aka yi masa godiya. Mutanen Gwarzo suka tarye mu da kiɗa.

Kwana kaɗan da dawowarmu ya ce in shirya mu je Gude. Mun sami Goggo Hansai a gindin bishiya a bayan ɗakinta tana ɓarzar gyaɗa. Ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka yi addu'a. Ya cire hularsa ya ajiye a gefe, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban kowa ba.

Ta ce, "Alhaji, an yi masa wanka?"

Ya ce, "An yi, Goggo."

"An sallace shi? Kai ka tsaya?"

"Na tsaya har aka rufe."

Ta ce, "To, Allah ya biya ka." Sannan ta ce, "Yaran da suka dawo sun ce an yarda za a sake shi, sai aka fasa. Me ya sa suka fasa?"

Na so ya ce ƙaddara ce, kowa ma haka zai ce, kuma ba ƙarya ba ne. Sai na ji ya ce, "Ba su suka fasa ba, Goggo. Ana cikin magana ni na tashi."

Ta ɗago ta dube shi. Ba faɗa a muryarta, tambaya ce ta wanda bai gane ba. Ta ce, "Ka tashi ka je ina?"

Babana, mutumin da bai taɓa rasa amsa a kasuwa ba, bakinsa ya mutu. Muka zauna a tabarmar nan ban san iya lokacin ba, ita ta koma ɓarzar gyaɗarta, hawaye yana sauka a kan hannunta. Ni kuma da na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko ido ban iya haɗawa da ita ba.

Ku kuna yi masa tsiya yanzu wai tsufa ya sa ana cutarsa a kasuwa, duk abin da aka faɗa masa sai ya biya bai taya ba. Ba tsufa ba ne. Tun daga ranar bai ƙara juya wa kowa baya a kan ciniki ba.

Na daɗe ina tunanin me ya sa dabarar take ci a Getso ta ƙi ci a can. Mai dawa ya biya mota ya kawo kayansa daga ƙauye, rana tana faɗuwa, ba ya son ya koma da su. Shi da mai saye duk sun san wasa ne, kuma ba wanda zai ga ƙasƙancinsa don ya ce "dawo". In ma bai kira ba, dawa ce, tana nan a buhunta har wata kasuwar, ba abin da zai same ta. Waɗanda za ka zauna da su ba abin da yake faɗuwa a kansu. Za su tashi su tafi gida su ci abinci da 'ya'yansu. Wanda rana take faɗuwa a kansa shi ne wanda ke kulle, kuma ba shi a ɗakin balle ya riƙe maka riga.

Saboda haka ka zauna. In sun kawo shayi ka sha, ko ba ka so, ko ya yi maka zaƙi da yawa. In sun faɗi maganar da ta ɓata maka rai, na san ka, kunnuwanka ne suke fara yin ja, ka ce a ba ka lokaci ka yi salla. Ka fita ka yi alwala da ruwan sanyi, ka kira shugabannin ƙungiya, ka dawo ka zauna a kujerar da ka bari. In an tashi ba a gama ba, kada ka fita sai an faɗi ranar da za a sake zama. Duk wanda ka tarar a can ya riga ka daɗewa, ko tafinta ne, ka tambaye shi me ya gani kafin ka buɗe baki, kuma in ya sunkuyo ya ce maka "mu karɓa", ka ji shi. Kada ka tsaya a gaban direbobin nan ka yi musu rantsuwar tare za su fito, don rantsuwar ce za ta ɗaure maka ƙafa ranar da aka ba ka wasu. Ka tambayi wanda ba shi da lafiya a cikinsu tun ranar da ka sauka. Motoci da buhuna kuwa su jira, ko shekara za su yi. Masu kayan za su yi ta kiranka suna ƙorafi, ka bar su su yi, ka turo min su in sun matsa.

Ban yi niyyar mahaifinka ya san da takardar nan ba. Ɗazu da hantsi ya shigo neman carbinsa ya same ni a kanta. Ya ce, "Malama, wa ake rubuta wa haka?" Na ce Yusufu. Ya leƙa takardar, sannan ya ce, "Kin sa maganar Gude?" Na ce na sa. Na ɗauka zai ce in yaga. Sai ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce, "Ki ƙara masa wannan, ki ce ni na ce. In sun ba shi mutum ɗaya, ya karɓa. Ya raka shi har mota, ya tsaya ya ga tashinta da idonsa. Sannan ya koma ciki ya zauna a kan sauran. In sun zage shi ya zauna. In sun zage ni ma ya zauna."

Ya miƙe zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba. Ya ce, "Ki ce masa kada ya bari ya je gidan kowa ta'aziyya irin tawa."

Na rubuta maka yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka haƙurin zama da sanyin baki, ya sa waɗanda za ka tarar su ji tausayin bayinsa. Allah ya fito da Lawan da 'yan'uwansa, ya haɗa su da iyalinsu suna tafiya da ƙafafunsu. Allah ya jiƙan Sama'ila, ya ba mahaifiyarsa ladan haƙuri, ya sanyaya wa mahaifinka zuciya. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka. Ka gaida kawunka da mutanen gidan. In ka sauka ka kira mahaifinka kafin ka kira ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rabi.